Kawu Illa, Ɗakin Ƙasa da Farantan Sola

Ranar Lahadi, kwana bakwai da rasuwar Kawu Illa, da misalin ƙarfe biyar saura kwata na yamma, muna zaune a ɗakin Inna a Illela. Masu gaisuwa sun watse. Mu uku muka rage: Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar marigayin, Madam Hadiza, mai aikin haɗa sola, da ta zo daga Konni, sai ni. Muna nan sai ga Alhaji Mamman direba, abokin Kawu tun na ƙuruciya. Ya sunkuyo ta ƙofa, ya ɗora tafin hannunsa a jikin bango, ya ɗan dakata, sannan ya yi sallama. Bai ma san ya yi ba. Inna ce ta fara dariya, tana share ido da gefen mayafi, kuma ita ce dariyar farko da aka yi a gidan cikin mako guda.

Ku da kuka san shi kun san dalili. Kawu Illa magini ne, kuma bai taɓa shiga ɗaki ya gaida mutum kafin ya gaida bango ba. Zai ɗora hannu, ya lumshe ido kamar mai sauraron labarai, sannan ya yanke hukunci. In bangon da sanyi, zai zauna a yi ta hira har a gaji da shi. In da zafi, a tsaye zai gaisa, ya ce yana da wurin zuwa. Haka yake yi a gidan suna, haka a gidan gaisuwa, haka kuma ya yi ranar da ya je nema mini aure. Ya taɓa bangon surukina, ɗakin siminti mai rufin kwano, ya janye hannu da sauri, ya dubi mutanen da suka taru.

"Yarinyar da ta girma cikin ɗakin ga tana da haƙuri," in ji shi. "Mun karɓa."

Sai da aka yi wata biyu kafin surukina ya sake amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ginin Kawu na ƙasa ne zalla: tubali, bango mai kauri, da rufin tulluwa wanda ba azara ba katako a cikinsa. Ya ce tun yana saurayi ya ga itatuwa na ƙarewa a dajin Illela, ya rantse ba za a sare ko reshe don ɗakinsa ba. Siminti kuwa ko taɓawa ba ya yi. Alhaji Mamman ya shekara ashirin yana dakon siminti daga Malbaza, kuma a duk shekarun nan Kawu ba ya shiga motarsa sai in ba kaya. In ta ɗauko kaya, gara ya jira amalanke. Yana kiran abokin nasa Mai Dakon Zafi, shi kuma yana kiransa Sarkin Gara.

Ni ne na fara ɓata masa rai a cikin gida. Bayan na samu aiki a gidan rediyo a Konni, na ga lokaci ya yi da zan fitar da Inna daga tsohon ɗakinta da ya fara tsagewa. Na sa aka yi mata ɗakin bulo da siminti, aka rufa kwano mai ƙyalli, aka shafa fenti shuɗi. Ban shawarci Kawu ba, don na san abin da zai ce. Ranar da ya zo gani ya taɓa bango. Ya laluba aljihu, ya ciro ɗanyar gyaɗa cike da hannu, ya jera ta a bakin taga daga ciki, ya ce zai dawo jibi ya karɓa in ta soyu. Kuma ya dawo. Ya ɓare ɗaya a gabana, ya tauna, ya ce saura kwana guda.

Na ɗauki abin wasa ne, har ciwon sukari ya kama Inna. Aka ɗora ta a kan allurar da ake yi kullum, manjo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likita, ya ja mini kunne cewa maganin ba ya son zafi: in ya sha zafi ya lalace, kuma in ta yi allura da lalatacce, daidai yake da ba ta yi ba. Wutar gari kuwa tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Ita kanta Inna, da hantsi ya yi ba ta iya zama a ɗakin da na yi mata. A gindin bedi, wato dogon yaro, take wuni. Ga shi an yi girbi, bazara na tafe.

Shi ya sa na ɗauko Madam Hadiza. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana, kullum da igiyar awo a jakarta. Ta shiga ɗakin, ta fito, ta ce za a iya sa firigo, wato firiji, da fanka, amma sai an jera farantan sola da yawa, domin rabin wutar za ta ƙare ne wajen faɗa da zafin da rufin ke zubowa. Kawu na zaune a kan turmi yana ji. Ya ce wato za a ɗauko rana ta taga don a kori ranar da aka shigo da ita ta rufi. Madam ta juyo ta dube shi, ta ce ai kusan haka ne. Ya ce to a ba shi wata biyu da ƙasar da ke bayan gida. Ta tambaye shi kaurin bangon da yake yi, ya nuna mata da hannu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ta yi ɗan rubutu, ta ce in haka ne faranti uku sun isa.

Ta ƙara da bayani cewa ginin ƙasa ba ya bukatar a ƙona komai, ba kamar siminti ba da sai an hura wuta mai yawa kafin a same shi, kuma hayaƙin nan na cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi. Kawu ya ce shi bai san zancen duniya ba, zancen ɗakin Rakiya ya sani. Rakiya ita ce Inna.

Kafin ya haƙa ko rami ɗaya, sai da ya yi kwana uku a filin bai yi aikin komai ba. Wannan al'adarsa ce. Ya kafa sanda a tsakiya, ya zauna da butarsa, duk sa'ar da inuwar sandar ta matsa ya soka tsinke a bakinta. Daga nan yake sanin inda zai sa ƙofa, inda zai buɗe ƙananan tagogi don iska ta ratsa, da bangon da zai bari ba ko kafa. A rana ta uku Madam ta zo don su tsaida inda farantan za su kalla. Ta ce kudu. Ya ce gabas.

"Mi ke kudu in ba Najeriya ba?" in ji shi. "Daga can aka kawo muna fetur da atamfa. Ban taɓa jin an kawo rana ba."

Ya ce rana daga gabas take fitowa, alƙibla ma can take, duk abin arziki can yake kallo. Madam ba ta yi musu ba. Ta bari har rana ta take tsaka, ta kira shi bakin sandarsa, ta tambaye shi ina inuwar ta kwanta. Ta kwanta arewa. Ta ce to ina ranar take ke nan? Ya daɗe yana duban tsinkayensa. Can ya ce shi ya san haka tun ba a haife ta ba, gwada ta yake yi. Sannan ya ce tunda ta iya, ta faɗa masa abin da inuwar ke yi gab da damina. Ta ce tana tsallakawa kudu, shi ya sa ba za a tayar da farantan tsaye ba, kaɗan za a kishingiɗar da su. Ya gyaɗa kai. Daga ranar ya daina ce mata matar Konni, ya koma ce mata ɗiyata.

Ɗakin ya tashi cikin mako bakwai. Ranar ɗora farantai Madam tana wani aiki a Tsarnawa, ta turo ma'aikatanta biyu, manya, masu ƙwarewa. Suka kafa tsani, ɗaya ya hau da injin huda bango. Kafin ya kai sama ya tarar da Kawu zaune a kan tulluwa, da tabarmarsa da butarsa da goronsa. Kawu ya ce wanda zai huda rufin nan sai ya fara ta kansa. Suka yi masa bayani cewa dole ƙarfen da zai riƙe farantai ya samu wurin kamawa, dole waya ta samu hanyar sauka. Ya ce rami a rufin ƙasa gayyata ce ga ruwan sama. Suka kira ni a waya, na roƙe shi, ya ce in koma in karanta labaraina. Haka ya wuni a can. Azahar da la'asar ma a kan rufin ya yi su, da kyar, a kan gangare.

Washegari Madam ta zo da kanta. Ta hau, ta gaishe shi, ta tambaye shi yadda ya kwana, sannan ta ce, "Baba, in kai ne, ta ina za ka bi da waya?"

Ya tashi ya ɗage wani ɗan tubali a gefen rawanin bango. Ga bututun ƙasa, irin wanda masu tukwane ke gasawa, ya binne shi tun yana gini, ya sauka har cikin ɗaki. Ya kuma kankare yaɓe a wurare huɗu a kan bangon kudu da na arewa, ga kawunan ƙarafa sun leƙo, an kafa su cikin bango tun daga tsakiya. A ciki kuma, inda bututun ya ɓulla, ya riga ya yi alkuki mai zurfi daidai batir, a bangon da rana ba ta taɓawa. Ashe ranar awo ya ga takardarta, ya auna komai da tafin hannu. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tambaye shi me ya sa bai faɗa tun jiya ba.

"Wa yat tambaye ni?" in ji Kawu.

Inna ta tare kafin zafi ya kankama. Farantan suka zauna a kan ƙarafansu, suna yi wa gefen tulluwa inuwa, firigo na aiki, fanka na juyawa ko da yake sau da yawa Inna kashe ta take yi, ta ce ɗakin ba ya bukata. Ɗakina na siminti ya koma wurin ajiyar gero. Kawu ya ce ko ƙwari ba za su iya zama a ciki ba, don haka a ƙarshe ya yi amfani.

Sai abin da ya faru a tsakiyar bazarar farko, wanda Kawu kansa bai cika son a tayar ba.

Wata Talata, saura minti ashirin in shiga karanta labaran tsakar rana, Inna ta kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, don haka ta ce, "Kai, abin nan ya yi ta kuka." Firigo ne. Tun safe yake ƙara, fitilarsa ta koma ja, yanzu kuma ya yi shiru gaba ɗaya. Maganin wata guda na ciki, wutar gari babu tun jiya. Na kira Madam, ta kira Inna, ta tambaya ko akwai wani abu a kan farantan. Inna ba ta iya hawa tsani. Ta miƙa wa Kawu wayar, shi kuma ya ce babu abin da zai cutar da su a kansu, kayan kanti ne kawai ba su da amana.

Na karanta labarai. Ban san abin da na karanta ba, amma an ce ban yi tuntuɓe ba. Da na fito muka kama hanya a motar Madam, ba mu iso Illela ba sai bayan la'asar. Duk hanya lissafin awoyi nake yi, da zafin da ke cikin akwatin da aka rufe ba wuta.

Muka tarar da Inna a kan gado, firigo a buɗe, ba komai a ciki. Kawu na tsugune a kusurwar ɗaki gaban wata randa. Ya cika ta da jiƙaƙƙen yashi, ya nutsa ƙaramar tukunya a tsakiya, ya sa kwalaben maganin ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tun tsakar rana yake nan yana yayyafa ruwa. Na sa hannu cikin tukunyar, na ji sanyi. Na aika aka kira manjo.

Madam kuwa ta wuce kan tsani. Ba ta daɗe ba ta sauko, tana jan zana biyu da tsohuwar tabarma. An ɗaure su ne a kan farantan, ɗauri mai kyau, kusurwa huɗu, yadda iska ba za ta ɗauke ba.

Kawu bai ɓoye ba. Ya ce ranar Juma'a ya hau duba yaɓe, ya ɗora hannu a kan faranti ɗaya, ya ƙone shi. Ya ce ko jaki ba a bari a irin wannan rana ba rumfa, balle abin da ke yi wa ƙanwarsa hidima. Da farko daga azahar zuwa la'asar yake rufe su, su ɗan huta. Da zafi ya ƙaru, shekaranjiya, sai ya ga gara ya bar musu rumfar gaba ɗaya.

"Baba," in ji Madam, "ranar ita ce abincinsu. Kwana biyar ka hana su ci."

Kawu ya dubi zanar, ya dubi firigo, ya dubi randa. Ya cire hularsa ya riƙe. Manjo ya zo, ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ya tambayi ƙarfe nawa aka fitar da su da inda aka sa su, ya ce ba su lalace ba, a ci gaba da amfani da su. Ko da aka faɗi haka Kawu bai ɗago ba.

"Rakiya," ya ce, "da maganin ga ya ɓaci, da ni na kashe ki, da hannuna."

"Yaya, tashi ka sha ruwa," in ji Inna. "Tun ina rarrafe kake rufe ni da zane in rana ta yi. Ba yau ka fara ba."

Madam ta bari ya sha ruwan. Sannan ta ce masa, don gaskiya, rabin maganarsa daidai ne. Haske farantan ke so, ba zafi ba. In suka yi zafi da yawa wutar da suke bayarwa raguwa take yi. Maganin abin ba rumfa ba ce, iska ce ta riƙa wucewa ta ƙarƙashinsu. Na ga hular ta koma kansa a hankali. Washegari da sassafe ya hau tare da ma'aikatanta, aka ɗaga ƙarafan taƙi guda, ya kuma fafe rawanin bango a wurare biyu don iskar ta samu mashiga da mafita. Kafin azahar firigo ya dawo da sanyinsa.

Ba a yi mako ba labari ya zaga kasuwar Illela cewa Illa magini ne ya koya wa masu sola na Konni yadda ake shayar da faranti iska. Zancen zana bai shiga cikin labarin ba. Madam ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Hasali ma daga nan, duk wanda ya kira ta tun kafin ya fara gini, a Alela ko a Tsarnawa, sai ta biyo ta ɗauke shi, ya kafa sandarsa, su tsara ɗaki da farantai tare. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ta bi da shi ta inda motocin siminti ke tsayawa, don kada Alhaji Mamman ya gan shi cikin mota mai sanyi.

Bazara uku Inna ta yi a ɗakin nan, ba a zubar da ko kwalba ɗaya ba.

Ciwon da ya tafi da Kawu bai wuce kwana goma ba. Ana jibi zai rasu ya sa aka kira ni. Na zaci wasiyya ce irin ta iyali, ashe zancen yaɓe ne. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma bai samu yi wa ɗakin Rakiya yaɓen bana ba. Ya faɗi sunan magina uku da ya yarda da hannunsu. Ya ce a kira ɗiyarsa ta Konni ta sauke farantan da kanta da sassafe, a gama a mayar kafin azahar, a wanke su tas kada laka ta bushe a kai, kada firigon ya san an yi. Ya sa na maimaita masa, kamar yadda nake sa sababbin ma'aikata su maimaita sanarwa. Da na gama ya ce in lokaci ya yi kada in yi masa kirari a rediyo, in faɗi sa'ar jana'iza daidai, don ya san mutanen Illela da makara.

Ni na karanta sanarwar. Ba ta kai minti ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Illa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya yalwata masa shi. Allah ya ba Inna haƙurin rashin yayanta.

Ranar Alhamis da ta biyo bayan sadakar bakwai, maginan uku suka zo. Madam Hadiza ta sauke farantan da ƙarfe shida da rabi, aka mayar da su sha biyu saura kwata, fitilar firigo ba ta canza launi ba. Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara, ɗakin bai yi yoyo ba.